Jujin Ƙofar Gidanmu

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar bazara, shekarar da nake aji huɗu na firamare a Kazaure. Na fito da sassafe ɗauke da tsohuwar tasa cike da toka zan kai juji, sai na yi kiciɓis da wani dogon mutum cikin kaki a ƙofar gidanmu, ya toshe hanci da hankici. Malam Ilu ne, duba-garin unguwarmu, wanda in muka hango hularsa daga nesa sai mu ruga cikin gida mu ce a rufe randa. Mai unguwa na tsaye a gefensa, ga wani ma'aikaci riƙe da gwangwanin jan fenti. Ina kallo aka zana jar alama ɓaro-ɓaro a katangarmu, daidai saitin jujin. Ana cikin haka Baba ya dawo daga masallaci da carbinsa a hannu. Bayan gaisuwa, mai unguwa ya shaida masa cewa ƙaramar hukuma za ta gyara gari: za a kwashe duk wani juji da ke bakin hanya, a haƙa lambatu, a dasa itatuwa, kuma ranar Asabar tifa za ta iso layinmu. Baba ya ce Allah ya taimaki hukuma, ya shige zaure. Ni kuwa na tsaya da tasa a ka, na rasa ko in zuba ko in mayar.

Yaran yanzu za su ce mene ne abin damuwa don an zo kwashe maka shara kyauta. To, ai jujinmu ba shara ba ce a wurin Baba, abincinmu ne na baɗi. Shekara guda ake yi ana tara shi. Kullum da safe ni ce mai share turken awaki da akurkin kaji, in haɗa da tokar murhu da ƙaiƙayin sussuka da ɓawon gyaɗa, in kai waje in juye, yayana Sule kuma ya bi da manjagara ya tattara. Ko ruwan wanke-wanke ba a zubar da shi ko'ina sai a kansa, don ya taimaka masa ya ruɓe. In bazara ta yi sai a yi ta jidarsa a mangala, jaki yana kai wa gonarmu da ke kan hanyar Gwiwa, wata jigawa mai yashi da ta gaji tun zamanin kakanmu. Shekarar da ta sha taki, gero ya kai mu wata kakar. Shekarar da ba ta sha ba, ciyawar wuta-wuta ta cinye ta, kafin damina ta raba tsakiya rumbu ya yi ƙasa, Inna ta fara auna tuwo da ido. Takin zamani kuwa sai dai mu ji ƙanshinsa a gonar wasu.

Mu yara ma muna da namu rabon a jujin nan. A bayansa muke ɓuya in ana wasan ɓuya, a nan muke tono fasassun tangaran mu yi kwanukan 'yar tsana, mu tono gwazarma mu jefa wa kaji muna kallon yadda suke kokawa a kanta. Da damina kabewa da tumatir kan fito a gefensa ba wanda ya shuka, Inna ta aike ni in tsinko mata na miya. In ɗayanmu ya kai wa Baba ƙarar ɗan'uwansa, sai ya yi dariya ya ce, “Babba juji ne, kowa ya kwaso tasa nan zai zuba.” Da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Uwata yake ce mini, kuma ni kaɗai yake bari in hau har ƙololuwar jujin in hango duwatsun bayan gari.

Amma gaskiya ɗaya ce, jujin nan yana wari, wallahi yana wari. In rana ta take, ƙuda kan taso daga kansa su cika tsakar gida, ka buɗe kwanon tuwo sai ka yi ta fifita da faifai. Ƙanena Habu bai taɓa yin wata biyu cur ba tare da gudawa ko ciwon ido ba. In ruwa ya sauka, baƙin ruwa ya gangaro daga jujinmu da na maƙwabta ya kwanta a tsakiyar layi, masu babur su riƙa ɗage ƙafa suna tsaki. Ga leda, wadda a lokacin ta fara yawa a gari, iska na kwasarta tana rataye wa a kan kowace ƙaya. Ledar nan ce ma ta jawo mana wannan tsaka mai wuya, domin ita jakinmu Duna ya yi ta haɗiya a bakin kasuwa har cikinsa ya kumbura ya mutu da sanyin shekarar. Shi ya sa maƙwabta suka riga suka jide rabin nasu, namu yana nan tsibi guda har ya kusa kai kan katanga. Baba yana jiran ƙanensa na Roni ya gama da nasa jakin ya aro masa, sai ga jan fenti ya riga jaki zuwa.

Inna kuwa sai da muna daka ni da ita da la'asar ta ce, murya ƙasa-ƙasa, ita dai in za a raba ta da ƙudan nan har sadaka za ta yi, amma kuma tana tsoron ranar da za ta leƙa rumbu ta ga ƙasansa. Na kalle ta na rasa bayan wa zan bi, don duk su biyun gaskiya gare su.

Washegari Baba ya ce ba za a zauna a zuba ido ba. Ya fito da tsofaffin buhuna, shi ya ɗauki ɗaya a ka, Sule ya ɗauki rabin buhu, ni kuma da tasata in an taso daga makaranta. Gonar da nisa, rana kuma kamar ta fasa kai. Kafin mu je mu dawo gumi ya haɗu da toka ya zana mana layi-layi a fuska, yaran layi suna yi mana dariya suna ce mana dodanni. Ranar Juma'a da yamma wuyana ya ƙi juyawa sai da Inna ta gasa mini da ruwan zafi. Muka tsaya muka kalli jujin, ko gezau bai yi ba, kamar mai ɗibar ruwan dam da ludayi. A ranar na fara ganin Baba ya zauna a kan dakali ya yi tagumi, kuma na ji tsoro ƙwarai.

Asabar da hantsi muka ji rugugin tifa daga bakin titi. Leburori da shebur suka fara da gidan farko, suna lodawa ana kaiwa wani tsohon kududdufi a bayan gari ana juyewa. Baba ya shiga ya sa wankakkiyar rigarsa ta zuwa Juma'a, ya ɗauko buzu ya shimfiɗa a gindin jujin, ya zauna yana jan carbi. Bai ɗauki sanda ba, bai ɗaga murya ba. Da aka iso kanmu leburori suka tsaya cirko-cirko, don ba wanda zai kai shebur kusa da dattijo. Mai unguwa ya yi ta ba shi baki, yana cewa umarni ne daga sama, kada ya ja wa unguwa magana. Mata suka leƙo ta kan katanga. Ni ina rakuɓe a bakin zaure, na tabbata yau za a tafi da Baba ofishin 'yan sanda.

Sai ga Malam Ilu ya iso. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ya cire hankicin daga hancinsa ya sa a aljihu, ya durƙusa ya gaida Baba kamar yadda ɗa ke gaida uba. Ya ce masa aikin nan ba gudu ba ja da baya, jujin ba zai kwana a nan ba, kuma ya tuna masa yaran layin nan nawa aka kwantar a asibiti da daminar bara.

Baba ya ce, “Malam, ban ƙi gyaran gari ba, ɗana ma yana cikin waɗanda ka faɗa. Amma abin da za ku zuba a kududdufi, tuwon 'ya'yana ne.”

Malam Ilu ya miƙa hannu ya damƙo ƙasar jujin, ya murza ta a tafinsa, baƙa wuluk, ta ruɓe ta yi laushi. Ya ce rabonsa da ganin taki mai kyau haka tun na gidan mahaifinsa a wani ƙauyen Gwiwa, inda shi ma ya yi jidar mangala har ya gama firamare. Sannan ya ɗaga kai ya ce, “Baba, ina gonar take?”

Daga nan magana ta sauya. Malam Ilu ya je ya yi ƙus-ƙus da direba, ya dawo ya ce tafiyar ba ta fi ta kududdufi da wani abin kirki ba, za a kai masa har gona. Amma da sharaɗi: mu tsince duk ledar da ke ciki tukuna, kuma daga yau ba sauran tara juji a bakin hanya, a haƙa rami a bayan gida a riƙa rufewa da ƙasa. Baba ya miƙe ya naɗe buzunsa, shi ma ya kawo nasa sharaɗin, wai kada a haɗa masa da jujin gidan Alhaji Tanko maƙwabcinmu, don su masu cin shinkafa ne, nasu duk gwangwani ne da leda. Kowa ya fashe da dariya har da Alhaji Tankon, wanda ya ce to shi ma dai a kai masa nasa gwangwanayen gonarsa. Kafin azahar magana ta zaga unguwa, duk mai gona ya fito da 'ya'yansa ana tsintar leda, mu kuma muka mai da abin gasa.

Ni aka ɗora a gaban tifa tsakanin Baba da direba don Sule ya ce shi a baya zai hau. Ban taɓa shiga mota mai tsayi haka ba, ina ganin rufin gidajen mutane da shanun Fulani a bakin hanya sun koma ƙanana. Da muka isa, bayan motar ya ɗaga sama, takin shekara guda ya zubo gaba ɗaya a tsakiyar gona, aikin da Duna kan yi makonni yana yi. Baba ya tsaya yana kallo, leɓunansa na motsi. Ya kama hannun direba da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Da muka dawo gida Inna ta riga ta share gurbin jujin fes ta yayyafa ruwa, ta kuma dama fura a babbar ƙwarya ta aika wa leburori.

Geron shekarar nan sai da muka yi wa rumbu ƙari, kuma Baba ya ɗaure dami guda ya kai wa Malam Ilu har gida. Ya ƙi karɓa, ya ce aikinsa ya yi, aka yi ta ja-in-ja har ya yarda ya zari zangarniya kaɗan wai don albarka. Habu ya yi ƙiba, idonsa ya washe. Aka haƙa lambatu, baƙin ruwan nan ya daina kwana a layi. Da damina ta kankama ma'aikata suka zo da dashen darbejiya, kowane gida ɗaya, suka kewaye da ƙaya saboda awaki. Tamu ta faɗo daidai gurbin jujin, aka kuma ɗora mini ban-ruwanta a madadin zuwa zubar da toka. Kafin in gama sakandare ta kere duk sa'o'inta na layin, ta yi inuwa har kan zaure. A ƙarƙashinta Baba ya koma shimfiɗa buzunsa, kuma duk baƙon da ya yaba girmanta sai ya daki gindinta ya ce, “Ai dole, wannan ragowar takina ta ci. Ko ba haka ba, Uwata?”

Yanzu in na je gida nakan ga motar shara ta zo ta wuce, layin ya sha kwalta, amma abin da take kwasa duk leda ce da robar ruwa, ba manomin da zai shimfiɗa buzu dominsa. Sule ne ke noma gonar, da buhun takin zamani a bayan babur. Baba ya rasu, Malam Ilu ma na ji ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama. Na yi aiki a wurare da dama, na ga yadda ake rushe rumfunan mutane da sunan gyaran gari ba ko sallama, shi ya sa har gobe nake yi wa bawan Allahn nan addu'a, don ya gyara mana layi bai bar mu da yunwa ba. 'Ya'yana suna wasan carafke a inuwar darbejiyar nan, ba su san abin da ke ƙarƙashinta ba. Ni kuwa duk sanda na zauna a wurin, sai in ji muryar Malam Ilu yana tambayar Baba ina gonar take.