Ridwanu, Hoton Ya Buɗe

Daga Allah muka zo, wurinSa za mu koma. Ranar Talata, shida ga watan Mayu, da la'asar, 'yan bindiga suka tare ƙanena Ridwanu Adamu a kan hanyar ƙauyenmu, kudu da Gidan Rumji. Sun harbe shi sau biyu a ƙirji, suka sare hannun da ya riƙe jaka da shi, suka tafi da babur. Kwamfutarsa suka tattake ta, suka bar ta cikin jininsa. Ni na wanke rigar.

Ridwanu, saboda ɗiyata ka hau hanyar nan. Zahra'u ta faɗo daga amalanke, ƙugunta ya karye, wani likitan ƙashi a Yamai ya ce a aika masa hoton ƙashin ta imel kafin ya ce a kawo ta ko kada a motsa ta. Ni lakol ɗina bai wuce aji shida ba. Na ɗauka hoto hoto ne.

Kwana uku kana fama a shagonka na aika saƙonni. Ka aika da waya, wayar ta matse hoton har karayar ta ɓace. Ka aika da kwamfutar wani buro, wato ofis, ya isa a ƙulle cikin ƙunshin da ta likitan ba ta san kwance shi ba. Ka gwada tsohuwar taka, sai tarin haruffa marasa ma'ana. Na yi kuka, na ce injinan nan maƙaryata ne. Ka yi dariya ka ce, "Yaya, ba ƙarya suke ba. Kowace da irin ɗaurin kayanta, kamar ku mata ranar kasuwa."

Ba ka taɓa ce wa mutum saƙonsa ya isa ba sai wanda ke can ya ce ya buɗe. Tsofaffin da ke aika takardu ga 'ya'yansu sun san ka da wannan. Shi ya sa ka tafi Maraɗi, ka karɓo asalin hoton daga inda aka ɗauka, ka ɗaure shi yadda ta likitan za ta gane, ka aika. Ka kira ni ka ce, "Ya tafi, amma ban ce ya isa ba. Ina tafe." Na ce ka kwana can. Ka ce Zahra'u na jiran lemun da kawunta ya yi mata alkawari. Jandarma sun tarar da lemun warwatse a kan yashi.

Laraba da hantsi, maza na dawowa daga maƙabarta, likitan ya kira wayata. Ya ce hoton ya buɗe sarai, a kawo yarinyar, za ta taka in Allah ya so. Ya ce a gaida mai aikowa.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya bi maka hakkinka. Ikilima matarka da Inna, Allah Ya ba ku haƙuri, ku yafe mini. Ridwanu, ya isa. Ni nake faɗa maka.

Yayarka, Balki Adamu