Bakin Saksofon ɗin Baba a Tukunyar Inna

Ranar da aka fitar da mu daga gidan kamfani a Arlit, cikin bazarar shekarar da soja suka fara raka motoci a hanyar Agadas, amalanken jaki ɗaya ya kwashe duk abin da muka mallaka. Katifa biyu, randa, tukwanen Inna, akuya, sai wani baƙin abu mai tsawon yatsa da Baba ya ƙi yarda ya hau amalanke, ya sa shi a aljihun gaban rigarsa. Ni ƴar kasuwa ce yau, na san yi wa kaya daraja, kuma da za a maido ni ranar nan ba zan ko dubi katifun ba. Tuwon gidanmu gaba ɗaya yana cikin aljihun nan.

Baba mutumin Damagaram ne, ya zo arewa aikin walda a ma'aikatar ma'adini lokacin da abin yake garawa. Ma'aikatan suna da ƙungiyar kiɗa, shi ne mai busa saksofon. Saksofon ɗin na kamfani ne, don haka da kasuwar uraniyom ta faɗi aka rage ma'aikata, tare da makullin gida suka karɓe shi. Abin da ya rage masa shi ne bakin busar, na baƙar roba mai tauri, wanda yake kira bek, domin da guminsa ya saye shi. Muka koma unguwar Bukoki, cikin ɗakunan kwano da tsumma, maƙwabtanmu Buzayen da fari ya cinye musu dabbobi. Can Allah ya haɗa Baba da wani ɗan Togo mai gidan rawa, Tonton Kosi, wanda ke da tsohon saksofon marar baki rataye a bango. Suka shirya: duk Asabar da Lahadi Baba ya zo da bek ɗinsa ya busa, ya dawo da abin sayen gero.

Ni aka ɗora wa kula da bek ɗin, don sunan mahaifiyarsa gare ni, Uwata yake ce mini, kuma ya ce hannuna ba ya rawa. Da safe, kafin in tafi lakwal, wato makarantar boko, sai in shimfiɗa tsohon zanen Inna, in kwance zoben ƙarfen, in zare siririn harshen karan nan mai ba da sauti, in share shi in kwantar a kan guntun gilashi don kada ya lanƙwashe. Sannan in ɗebo ruwa daga randa, ba daga garwar da ta sha rana ba, domin ruwan Arlit in ya kwana a ƙarfe har hantsi sai ya ƙona yatsa. Ɗan sabulu kaɗan, tsumma mai laushi in zura ta ciki in jawo. Farin ɓawon da yawu ke bari ba a kankare shi da farce, lemun tsami ake ɗiga masa a jira. A inuwa yake bushewa. "Uwata, kan nan ya fi fatar ido sirantaka," haka Baba ke cewa, "ba ya son zafi, ba ya son rana, ba ya son gaggawa." Ƙawayena suna carafke a bakin famfo, maza suna tuƙa motocin waya, ni ina tsugune da abin busa. Suka sa mini suna matar algaita. Ban damu ba. Na san abin da nake riƙe da shi.

Inna ba ta taɓa son abin ba. Ruwa sayensa muke, sai ta ga an ware kofi guda don wanke roba, ta yi tsaki ta ce, "Mutane na ƙishi, ana yi wa usur wanka." Ba mugunta ce da ita ba. Mace ce da ta bar dangi ta biyo ma'aikaci mai albashi, ta tsinci kanta matar mai busa a gidan da ake shan giya, mata suna yi mata kallon gefen ido a wurin suna.

Sai tari ya kama Baba. Busasshe ne, ba ya tafiya, wani lokaci ya tsaya a tsakiyar waƙa ya dafa bango. Tun da ba shi cikin ma'aikata, ƙofar likitar kamfani, wato asibitinsu, ta yi mana nisa, Inna ta kai shi ƙaramar likitar gari. Majo, wato malamin jinyar da ke duba marasa lafiya, mutane sun yi masa yawa, ya saurari ƙirjin ya ce wataƙila tarin fuka ne, a ware masa kwano da kofi da cokali, duk abin da yake sawa a baki a tafasa shi, in ba haka ba yara za su ɗauka.

Duk abin da yake sawa a baki. Inna ta riƙe wannan magana kamar yadda aka faɗe ta. Na dawo daga lakwal da azahar na ji gidan yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Tukunya na kan murhu tana tafarfasa, kofi da cokali suna ƙwanƙwasar juna, bek ɗin yana juyi a tsakaninsu. Na sa hannu na tsamo shi, tabon yana yatsuna har yau. Baƙin ya tafi, ya koma launin miyar kuka da ta kwana, gefen da harshen karan ke kwanciya ya ɗan karkace. Da Baba ya tashi daga barci bai yi faɗa ba. Ya ɗaura harshen, ya busa, abin ya yi ƙara kamar ɗan akuyar da aka taka. Ya dubi Inna ya ce, "Kin dafa mana abincinmu." Ta ce, "Maigida, ƴaƴana na zaɓa." Ni ban ga wanda ya yi ƙarya a cikinsu ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Baba ya yi ta goga shi a kan gilashi ko zai miƙe, ya ƙara lalacewa. Tonton Kosi ya ba wani direba saƙo ya sayo sabo daga bakin teku, amma tawayen da ake yi a arewa ya yi zafi, motoci suna jiran rakiya mako da mako, saƙon bai iso ba. Dokar hana yawon dare ta kashe gidan rawar, ɗan Togon ya naɗe kayansa ya tafi da saksofon ɗinsa. Aka sayar da akuya. Na bar lakwal na fara tallar ƙosai a tashar manyan motoci, daga ƙosai na shiga taliya da madarar gari ta Aljeriya, daga nan ban sake tsayawa ba. Daga baya aka gwada kakin Baba a Agadas, aka ce ba tarin fuka ba ne, ƙurar da ya shaƙa a wurin aiki ce ta zauna masa a huhu. Ba wanda zai ɗauka. Ya ƙara wasu shekaru a duniya yana zaune a gindin bango, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa kamar suna danna wani abu, magana tsakaninsa da Inna ba ta wuce ga ruwa, ga tuwo.

Yanzu motocina suna hawa Assamakka, kan iyakar Aljeriya, suna sauka. Wata shekara na shiga wani shago a Kwatano na ga irin bek ɗin jere a kwali, kowanne bai kai kuɗin atamfa mai kyau ba. Na tsaya ina dubansu har mai shagon ya tambaye ni nawa zan ɗauka. Ban ɗauki ko ɗaya ba, wa zan kai wa? Karkataccen yana cikin akwatina, har yau da ruwan randa nake share shi, a inuwa. In na zauna na auna, ga abin da na samu: ba na sayen kaya sai na san da me aka yi shi da abin da ba ya so, kuma ba na jingina tuwona a kan kayan wani. Ga abin da ya tafi: karatuna, hirar iyayena, da busar Baba da yamma, wadda ƴaƴana ba su taɓa ji ba. Ribar ta yi mini gida. Asarar ban ga inda ake sayar da madadinta ba.