Ƙofar da ke Katangarmu

Ba a haife ni ɓarawo ba. A Garwa na tashi, a gidan da ake ganin mutuncinsa. Kakana daga Kano ya zo da fataucin goro, ya ga wuri ya zauna. Babana kuma atamfa yake sayarwa a kasuwa. Na yi makarantar allo, na yi lakwal, wato boko, har na iya Faransanci daidai na cika baki. Ban taɓa kwana da yunwa ba. Na faɗi haka ne tun farko don kada wani saurayi ya karanta labarina ya ce talauci ne ya ja ni.

Maƙwabcinmu Baba Matiyu ne, mutumin Mokolo, Kirista. Gadi ya yi har ƙarfinsa ya fara raguwa, sannan ya koma ga wata gona da ya samu a hanyar Bibemi. Shi da babana suka gina katangar da ta raba gidajenmu, kuma da gangan suka bar wata ƙofa a tsakiyarta, ba ƙyaure, sai tsohon buhu da aka rataya. Ta nan Inna ke karɓo garwashi, ta nan Mama Rahila, matarsa, ke zuwa aron turmi. Da Sallah nama ya bi ta ƙofar ya shiga wajensu, da Kirsimeti ya biyo ta ya shigo wajenmu.

Akwai abin da Baba Matiyu ke yi duk Kirsimeti. In ya sayi akuya ba ya yankawa da kansa. Sai ya kira babana ya yanka, don mu Musulmin unguwa mu ci ba tare da shakka ba. Har wuƙa ya ware wa wannan aiki, naɗe cikin tsumma, ba a taɓa ta sai ranar. Da babana ya rasu, Yaya Sani yana tuƙin babbar mota tsakanin Garwa da Ngawundere, ba ya zama. Sai wuƙar ta dawo hannuna. Ina da shekara goma sha tara, na ji kaina ya yi girma ranar.

Sana'ata ta farko sayar da zuwa-zuwa ce, man fetur ɗin nan da ake shigowa da shi ana zubawa a kwalabe a bakin titi. Wata rana na ƙara kalanzir kaɗan a cikin jarka. Na yini gabana na faɗuwa, ba wanda ya dawo. Washegari na ƙara fiye da na jiya, kuma gabana bai faɗi ba. Daga nan na saba da wani mai gyaran moto, wato babur, da muke kira Shef. Shi ba ya tambayar inda kaya ya fito. Na fara da madubi da batir, na koma ɗauke moto ɗungurungum a ranakun kasuwa. Na sayi takalma masu tsada, bakina ya ƙara kaifi. Duk wanda ya yi mini faɗa sai in mayar da shi abin dariya a gaban mutane.

Baba Matiyu yana da wani tsohon moto ja. Da shi yake zuwa gona, da shi yake dawowa da buhu. Wata Lahadi da safe, farkon damina, shi da Mama Rahila suka tafi coci a ƙafa, don ba nisa. Suka garƙame ƙofar waje da kwaɗo. Inna ta tafi suna. Na ɗaga buhun nan na shiga, na turo moton ta ƙofar katanga, hannunsa ya gogi gini har ya ɓantare ƙasa, na fitar da shi ta ƙofar gidanmu. Kafin a taso daga coci yana wajen Shef an fara kwance shi.

Da suka dawo Mama Rahila ta fasa kuka, unguwa ta taru. Ni ne na fi kowa zagin ɓarawo. Na ce in na kama shi sai na karya masa hannu. Na waiga wajen Baba Matiyu. Na ga ya tsaya yana kallon wurin da ginin ya ɓantare, sannan ya ɗauki tsintsiya ya share ƙasar bakin ƙofar. A raina na ce tsoho ya ruɗe, an yi masa sata yana shara.

Daminar nan gonarsa ta lalace. Wani lokaci ya samu motar kasuwa ta rage masa hanya, wani lokaci ya taka, ya isa rana ta yi tsaka, ƙafa ta kumbura. Ciyawa ta ci masara ta ci gyaɗa. Ina ganinsa yana dawowa yana jan ƙafa, in ce, "Sannu Baba," in wuce. Da Kirsimeti ta zo ya kira ni kamar kullum, ya kwance tsumma ya miƙo wuƙa. Amma ba akuya, zakara ɗaya ne. Na dube shi na ce, "Baba, bana akuyar ta rame har ta fito da fiffike?" Ya yi murmushi ya ce, "Yanka, ɗana, abin da Allah ya ba mu ke nan." Na yanka. An kawo mana cinya ta ƙofar katanga, kuma na ci. A duk abin da na aikata, wannan magana ce ta fi ci mini rai har yau.

Bayan wata huɗu dubuna ta cika a kasuwar Bibemi. Mai moton ya dawo da wuri, ya yi ihu, jama'a suka rufe ni da duka. Da jandarma ba su iso ba da ba ni ke ba ku labari ba. A wajen bincike na lissafa duk abin da na ɗauka, har da jan moton. Aka kira Baba Matiyu kotu. Alƙali ya tambaye shi ko ya taɓa zargin wani. Ya ce, "Tun ranar na sani. Sawun taya ya bi ta ƙofar katanga." Alƙali ya ce me ya hana shi kai ƙara. Ya ce, "Ina jira ya zo da kansa ya faɗa mini." A nan na gane sharar da ya yi. Sawun ya share don kada Inna ta gani. Aka yanke mini shekara uku.

Wanda bai shiga gidan kaso ba bai san darajar ɗan uwa ba. Abincin da ake bayarwa ba ya riƙe cikin ƙato, wanda danginsa ke kawo masa kwano shi ne mai rai. Ni ba wanda ya zo. Yaya Sani ya dawo gida ya rantse ba mai taka ƙafa wajena, Inna kuma ga ciwon gwiwa ga baƙin ciki. Wata biyu na yi haka. Na rame, ƙuraje suka feso mini, bakin nan nawa mai kaifi ya mutu.

Wata Lahadi da rana gardi ya kira ni ya ce ina da baƙo. Na fito na ga Baba Matiyu, da rigarsa ta coci, riƙe da kwano ɗaure cikin ɗankwali. Kunya ta kama ni, sai ta juye ta zama fushi. Na ce, "Ka zo ka ga yadda na koma ne?"

Ya ce, "Jam na, ɗana, kana lafiya? Tuwo na kawo. Miyar folere ce, yakuwa ke nan, da ɗan nama."

Na ce, "Ba na cin yankan da ban san wanda ya yi ba."

Ku ji fa. Ɓarawon da ya ci cinyar zakaran mutumin da ya talauta, shi ne yau yake tantance halal. Baba Matiyu ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Wajen Malam Buba mahauci na saya. Tukunyar kuma wadda muke dafa muku abinci a ciki ce tun zamanin babanka. Zauna ka ci, kana ɓata mini lokaci."

Na zauna. Loma ta uku hawaye ya fara zuba cikin miyar, ban iya tsayar da shi ba. Na san wannan masara, ragowar abin da ciyawa ta bar masa ce. Na ce, "Baba, me ya sa?"

Ya ce, "Kada ka ɗauka ban ji zafi ba. Na ji. Wata uku ban iya addu'a ba. Mu doka biyu aka ɗora mana a kan sauran duka, mu so Allah da zuciya ɗaya, mu so maƙwabci yadda muke son kanmu. Na ce to, zan riƙe ta farko, ta biyun a ɗan ɗaga mini. Sai in durƙusa in buɗe baki, fuskarka ta tsaya mini a gaba, maganar ta maƙale. Ashe ba a rabawa. Na nemi inda aka ce maƙwabci nagari kawai, ban samu ba. Kai ne aka ba ni."

Malaminmu na allo ya sha gaya mana haƙƙin maƙwabci, har ya ce wanda maƙwabcinsa bai tsira daga sharrinsa ba imaninsa da saura. Na haddace, na ci bulala a kai, amma ban taɓa ganin abin da ido ba sai a hannun wannan tsoho.

Daga ranar kusan duk Lahadi yana zuwa. Shi ya gaya mini Yaya Sani ya toshe ƙofar katanga da bulo, wai ba shi da idon kallonsu. Inna sai ta kan katanga take miƙo saƙo. Ta haka carbin babana ya iso gare ni, da wata 'yar darduma. Baba Matiyu bai taɓa ce mini in bar addinina ba. Abin da yake tambaya shi ne, "Kana sallarka kuwa?" Na taɓa tambayarsa Mama Rahila fa. Ya ce, "Tana nan. Tana tuƙa tuwonka tana zaginka. Ta ce in gaya maka ba ta yafe ba tukuna, amma ka dawo mata da kwanonta a wanke." Ranar ce na fara dariya tun da aka rufe ni.

An rage mini 'yan watanni, aka sake ni saura mako ɗaya Kirsimeti. Inna ta rungume ni. Yaya Sani ya amsa gaisuwata yana kallon ƙasa. Na dubi katanga, ga sabon bulo fari a tsakiyar tsohon gini, kowa ya shigo gidan ya san abin da ya faru. Na zagaya ta titi na je na durƙusa gaban Mama Rahila. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ka ci tuwona kusan shekara uku. Ga gatari can, ga itace." Na faskara har hannuna ya yi kanta, ina murna.

Ranar jajibirin Kirsimeti da hantsi muka ji ana dukan katanga. Bulo ɗaya ya faɗo cikin gidanmu, sai ga kan Baba Matiyu, furfura duk ƙura, da guduma a hannu. Yaya Sani ya taso da sauri ya ce, "Haba Baba, don Allah ka bari. Da wane ido za mu dube ku?"

Ya ce, "Sani, ni da babanka muka bar ƙofar nan. Da za ka toshe ba ka tambaye ni ba. Karɓi gudumar, hannuna ya gaji."

Yaya ya karɓa. Shi ya ƙarasa rushe abin da ya gina. Da ƙura ta lafa na hango baƙar akuya ɗaure a gindin dalbejiya. Baba Matiyu ya shiga ɗaki ya fito da tsumman nan, ya kwance, ya miƙo mini wuƙa ta cikin ƙofar. Na ce, "Baba, ga Yaya, shi ne babba." Ya ce, "Shekara biyu ina kai akuyata wajen Malam Buba, ina da mai yanka a gida. Karɓi." Na karɓa, Yaya ya riƙe mini ƙafafun akuyar. Na yi bisimilla da muryar da ban san tawa ce ba.

Yanzu facin taya nake yi a bakin titi, da damina kuma ni ke noma gonar hanyar Bibemi, don ƙafar tsoho ba ta kai shi. Na tuba, ina roƙon Allah ya karɓa. Waɗanda na ɗauke wa moto a kasuwanni ban san fuskokinsu ba, ban san irin daminar da na lalata musu ba, wannan nauyi da shi zan je kabari.

Ku samari, ku ji daga bakin wanda ya gani. Ranar da ka zuba kalanzir a fetur gabanka ya faɗi, ka tsaya nan, faɗuwar gaban nan ita ce sauran alherin da ke jikinka. Ka rabu da duk wanda ke sayen kaya ba ya tambayar inda ya fito. Kuma ka sani ɓarawo yakan ƙare ne a kan wanda ya yarda da shi, don shi ne bai sa ƙyaure ba. Kada ka yi sata da tunanin za a yafe maka. Mutane da yawa na bari a gidan kaso da ba wanda ya taɓa kai musu kwano.

Bara ɗan Baba Matiyu ya aiko masa da wani moto. Na je na same shi na ce ya bari in sa ƙyaure a ƙofar katanga, ko in sayo sarƙa. Ya ce buhun ya isa. Moton yana nan a inda jan yake tsayawa, makulli a jiki. Duk safiya ta gefensa nake wucewa in je gaishe su.