Verna Tackett da Riga Ruwan Goro

A garinmu na Stillwell, can cikin duwatsun Kentucky, ba a tambayar mutum wace ƙungiyar ƙwallon kwando yake bi, don a cikinta ake haihuwarsa. Yawancinmu 'yan Jami'ar Tolliver ne masu koriyar riga. Ragowar, waɗanda Allah ya jarrabce mu da su, suna bin Jami'ar Redmon masu riga ruwan goro. A cikin mu masu koren kuwa, ba wanda ya kama ƙafar Verna Tackett.

Shekara talatin da huɗu Verna ta yi tana dafa abinci a makarantar firamaren gari. Rabin magidantan Stillwell sun ci wakenta da burodin masara suna yara, shi ya sa har yau in ta daka tsawa, ɗan sandan garin ma sai ya gyara tsayuwa. Mijinta Orville direban motar kwal ne. A zauren wasa na Tolliver suka haɗu, tana surfa wa alƙalin wasa zagi, shi kuma ya waiwayo ya ce bai taɓa jin zagi mai tsari irin wannan ba. Shekarar da suka yi aure, tun kafin su sayi firji suka kama kujeru biyu na shekara a layi na goma sha tara. Orville ya rasu, Verna ba ta saki kujerun ba, ko da yake tafiyar awa biyu ce zuwa zauren kuma motarta ta tsufa.

Idan wasan waje ne, sai ta kunna talabijin ta kashe muryarsa, ta kunna rediyo, domin a ganinta mai sharhin rediyon ne kaɗai ke faɗin gaskiya, tunda ɗan gida ne. Ba ta zama sai Tolliver sun jefa ƙwallon farko a raga. Akwai ranar da yaran suka yi minti bakwai ba su jefa ba, ta yi ta tsayuwa da ciwon gwiwarta tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan da ta haifa. Faston cocinmu kansa ya gaji ya daina sa taron mata a watan Maris, watan gasar ƙasa, don ya san ko ya sa ba mai zuwa. Launin ruwan goro kuwa ba ya shiga gidanta. Karas ma sai ta ɗaure fuska take yanka shi.

Sai Allah ya haɗa ta maƙwabtaka da Purvis Combs, tsohon mai raba wasiƙu, ɗan Redmon na gani kashe ni. Shekara arba'in suna jifan juna da magana ta saman shinge.

"Verna, jiya na ji ɗakinki shiru. Rediyon ne ya lalace ko yaran naki ne?"

"Ka je ka sha maganin hawan jininka, tsoho. Rabonku da kofi tun kana da haƙora."

Kujerar Orville ta koma hannun jikar Verna, Marnie, wadda take riƙo tun tana shekara shida. Yarinyar ta iya taken Tolliver kafin ta iya ɗaure igiyar takalmi. Ga ta da ƙwaƙwalwa, ga son aikin jinya. Ranar da takardar samun gurbi ta zo daga Tolliver, Verna ta kai ta coci ta manna a allon sanarwa, ta rufe jadawalin masu shara da ita.

Bayan sati biyu takarda ta biyu ta iso, mai ɗauke da kuɗin makaranta. Verna ta sa tabarau ta karanta, ta cire ta goge, ta sake karantawa. Bayan duk rangwamen da aka yi wa Marnie, sai an biya dala dubu ashirin da takwas a shekara. Ta zauna ta yi tunanin abin da bai taɓa zuwa mata ko a mafarki ba, wato ta saki kujerun. Amma abin da za ta rage da sakinsu ko ɗakin kwanan zango ɗaya ba zai biya ba. Sauran duk bashi ne, irin wanda mutum ke biya har 'ya'yansa su girma.

"Haba Kaka, ki daina damuwa," in ji Marnie. "Kowa ma bashin yake ci. Ni dai Tolliver zan je."

Verna ta ji daɗin maganar har cikin ranta, ba ta kuma lura da cewa yarinyar ta daina cinye abincinta ba.

Ana saura kwana uku ɗaya ga Mayu, ranar da ɗalibai ke ba jami'o'i amsar ƙarshe, kuma kowa ke zuwa makaranta sanye da rigar jami'ar da ya zaɓa, sai ga Purvis ya zagayo shinge ya tako har ƙofar kicin ɗinta. Bai taɓa yin haka ba. Yana riƙe da ambulan da ya ɓoye a cikin ledar kanti.

"Wa ya mutu?" Verna ta tambaya.

"Ba wanda ya mutu tukuna. Zauna."

"Ba na zama a gaban ɗan Redmon."

"To tsaya ki ji. Marnie ta nemi makarantarmu tun bara. Adireshina ta ba su, don kada takarda mai tambarinmu ta faɗo akwatinki ki sume. Sun ɗauke ta, Verna. Karatu kyauta, ɗaki kyauta, littattafai kawai za ta saya. Sati uku ke nan takardar na wurina. Ta ce in ƙona."

"In ƙona? Don me?"

"Don ke mana! Ta ce gara ta yi shekara ashirin tana biyan bashi da ta ga ranar da za ki kalle ta cikin rigarmu."

Verna ta dubi ambulan ɗin. Ta jawo kujera ta zauna. Kunya ce ta kama ta, kunya mai zafi, don ita ta ɗauka wasa take yi duk shekarun nan, ashe yarinyar ta ɗauke shi doka.

"Ajiye takardar ka fita," ta ce. "Kuma ka ɗauki burodin can ka tafi da shi, kada ka ce na gode maka."

Washegari ta tuƙa mota minti hamsin zuwa wani gari inda take ganin ba wanda ya san ta. Ta sa baƙin tabarau, ta shiga kantin kayan wasanni, ta ɗauko rigar Redmon da yatsa biyu kamar mataccen ɓera. Tana ajiyewa a gaban mai karɓar kuɗi, matar ta ɗago ta ƙwala ihu.

"Mis Verna! Ni ce Tonya, 'yar aji uku, mai ƙin cin wake! Ikon Allah, ke ce da wannan rigar?"

"Ki sa a leda biyu, Tonya. In na ji labarin nan a Stillwell, na san gidan uwarki."

Kafin ta iso gida labarin ya riga ta, amma ba wanda ya yi gigin gaya wa Marnie.

Ranar ɗaya ga Mayu da safe Marnie ta sauko cikin koriyar riga, tana murmushin da bai kai zuci ba. Ta tarar da kakarta a tsaye gaban teburin guga, ga riga ruwan goro a shimfiɗe an goge ta tas, ga ambulan ɗin a gefe. Yarinyar ta daskare a ƙofa.

"Purvis ne ko? Kaka, wallahi ba ni da niyyar..."

"Cire wannan ki sa wannan."

"Kujerar Kaka Orville fa? Wa zai riƙa raka ki?"

"Tsohon can zan ja, ya zauna ya ga yadda ake wasa. Zo nan." Ta riƙe kafaɗunta. "Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ni ma Tolliver ta ɗauke ni, ina shekarunki. Dala ɗari huɗu ne lokacin, babanmu ya rasa su. Na yi kuka na sati guda, sannan na nemi aikin kicin. Tun daga nan nake shiga jami'ar nan ta ƙofar zauren wasa, don ita kaɗai ce aka buɗe mini. Ban taɓa ganin cikin aji ɗaya nata ba. Ke kuwa an buɗe miki ta aji, kike cewa a ƙona takarda?"

Marnie ta fashe da kuka, Verna ma ta taya ta, har ƙwai ya ƙone a kan wuta ba wadda ta kula. Da yarinyar ta sa rigar, Verna ta ja baya ta dube ta sama da ƙasa.

"Launin dai mummuna ne, ba zan yi miki ƙarya ba," ta ce. "Amma ya yi miki kyau. Ranar da za mu kara da ku, kada ki sa rai da addu'ata. Sauran kwanakin shekara duk naki ne."

Motar makaranta ta yi oda a bakin titi. Verna ta raka ta har can, ta riƙe hannunta a gaban maƙwabtan da suka fito suna leƙe, ba ta saki ba sai da yarinyar ta taka matakala.