Ƙwaryar Inno da Injinan Bashiru

Ni dai a aji huɗu na ajiye boko, saboda haka duk mai digiri da ya ga kuskure a nan ya gyara a zuciyarsa, kada ya tashe ni.

Muna yara a Danwarai, bayan magariba muke kewaye murhun kakata Inno. Ba ta iya tatsuniya hannu sake ba. Kullum akwai fasasshiyar ƙwarya a cinyarta tana huda ta, tana ɗinkewa da zare. In ta ƙwanƙwasa gindin ƙwaryar, to labari ya iso, kowa ya rufe baki.

Wadda ta fi maimaita mana ita ce ta wata mata mai son sabo. Ƙwarya ta ɗan tsage, sai ta wurga ta kududdufin bayan gida, ta sayo wata. Maƙwabta suka yi magana har suka gaji. Da shekarar fari ta zo, rijiyoyi suka ƙafe, ba inda ya rage da ruwa sai kududdufin nan. Ta je ɗiba, ɓaraguzan ƙwaryarta suka cika tulun. Ta tace, ta sake tacewa, duk da haka tuwonta sai tsini, har baƙi suka daina zama cin abinci a gidanta.

Nan Inno take ɗago kai ta ce, "Ku ɗiyan ga, bayan danga ba wani gari ba na. Gidanku na." Mu kuwa ƙosai muke jira ta raba.

Yanzu ɗana Bashiru yana da shagon kwamfuta a Jega. Duk kwamfutar da ta fara nauyin aiki, sai ya loda ta a keke ya kawo mini fadama, ya jibge gefen rijiyar da nake ban ruwan albasa, wai Baba akwai fili. Masu neman jan ƙarfe suka gano wurin, suna ƙona wayoyin. Ruwan sama ya wanke baƙar tokar ya zuba a rijiya. Bana irin albasata ya fito rawaya, ya kwanta.

Na kira shi, na tambaye shi ko kwamfutocin nan ba a ɗinke su. Ya yi dariya, ya ce gyara ya fi sayen wata wahala, kuma waɗannan sun tsufa, sun kai shekara bakwai.

Na ce, "To ni da na haura saba'in, wane gefen rijiyar ka ware mini?"

Bai yi dariya ba. Ya ce zai turo a kwashe. Har yau ina duban hanya.

Na rufe rijiyar da kwanon rufi, ina roƙon ruwa wajen maƙwabci. Na gaji, wallahi. Matar tatsuniya ma ta fi ni sa'a, don ƙwarya gara na cinye ta. Waɗannan injinan ko gara ta zo ta shinshina, wucewa take yi.

Ƙwaryar Inno mai ɗinki tana ɗakina. Da ita zan auna irin baɗi, in rijiyar ta yafe mana.