Ƙafar Ɗanmalam Tela

Yayana Ɗanmalam yana da shekara goma sha biyu babanmu ya ɗora shi a kan keken ɗinki, a shagonmu na unguwar Djamboutou. Yau yana da hamsin da uku, kuma yana nan a kai. Bai taɓa son ɗinki ba. Sau ɗaya ya ga ƙofar fita, a 2004, kuma da hannuna a yadda ta rufe.

A shekarar ne Jérémie, wani ɗan Poli mai kaɗa jita a coci, ya dawo daga Douala da zazzaɓin kiɗan da ake kira metal, mai ƙara kamar ana sauke kwano daga tirela. Ya kawo wando a rage masa tsawo, ya ga yatsun Yaya.

"Grand, babban yaya, wannan hannu na kaɗa jitar bas ne, kake ɓata shi a bakin wando?"

Ya ce zai kafa ƙungiyar mutum huɗu, su fara da bikin kiɗa na ashirin da ɗaya ga Yuni, daga nan sai Yaoundé. Ya samu mai ganga, ya samu mai waƙa, saura mai bas. Ya ajiye wa Yaya wata tsohuwar jita mai tsirkiya huɗu, wato bas ɗin, da takardu shafi sittin da biyu, ya tafi kudu kwas na wata biyar. Bai bar kaset ba, wai guda ɗaya gare shi.

Takardun su ne tablatur. Layi huɗu a kwance, kowane layi tsirkiya ɗaya, lambar da ke kai tana gaya maka inda za ka danna a wuyan jitar. Ni da nake sayar da kayan babur a shagon gefe, ina gani na ce, "Yaya, ai wannan lissafi ne kawai. Waƙa tara, wata biyar. Shafi uku a sati, har da ragowa." Na ja jadawali a bangon shago da allin ɗinki.

Yaya ba shi da ampli, na'urar ƙara sauti, saboda haka sai ya jingina kan jitar da katakon keke don sautin ya fito. A kujerar ɗinki yake zama, ƙafarsa a kan feda, tana lilo yadda ta saba, kowace lamba taku ɗaya. Na ƙirga masa awa ɗari huɗu da goma. Yatsa uku suka fashe suka warke. Lokacin ɗinkin Babbar Salla ya mayar da mutum goma sha bakwai da yadinsu, ciki har da Alhaji Hamadu da babanmu ya yi wa ɗinki shekara talatin. Matar Yaya, Mairamu, ta ce mini, "Kai ne kake zuga shi." Na ce ta jira Yuni.

Ranar Asabar da hantsi, a ƙarshen Mayu, bayan Jérémie ya dawo, muka je gwaji a wani gareji bayan coci. Mai ganga ya buga sanda sau huɗu, suka afka. Yaya bai kuskure lamba ko ɗaya ba, ina riƙe da takardar ina bi. Amma su suna gudu, suna tsayawa cak, suna sake zabura, shi kuwa yana tafe taka-taka-taka, daidai wa daida. Kafin rabin shafi mai ganga ya ajiye sanda yana dariya.

"Tela, riga kake ɗinka mana ko wando?"

Jérémie bai yi dariya ba. Ya karɓi takardar daga hannuna. "Lambobin suna faɗin inda za a danna. Ba sa faɗin yaushe, ko tsawon nawa. Wannan kunne ke ba ka."

"Da wane kunne?" in ji Yaya. "Ka bar mini kaset ne?"

A nan Jérémie ya ba shi kaset ɗin, da wa'adin sati uku. Na goge jadawalin na ja sabo. Yaya ya saurara, ya gane, har yana iya rera waƙoƙin da baki daidai. Da ya ɗauki jita sai ƙafar ta fara lilo, hannun ya bi ta. Muka mayar da shi kan tabarma. Muka sa shi tsaye. Na taɓa danne masa ƙafar da hannu biyu, sai gwiwa ta karɓa. Awa ɗari huɗu da goma ba su goguwa a kwana ashirin da ɗaya, balle shekara ashirin da ke ƙarƙashinsu.

Cécile, wata mai waƙa a cocin da ba ta taɓa duba tablatur ba, ita ta hau dandali da jitar. Kwana tara ta yi tana koya da kunne. Jérémie ya aiko a tambaya ko Yaya zai ɗinka musu baƙaƙen riguna huɗu. Ya ɗinka.

Daga cikin goma sha bakwai ɗin nan, shida ne suka dawo. Alhaji Hamadu ba ya ciki. Takardun kuwa Yaya ya yanka su ya yi ma'aunin wuyan riga da su, har yanzu akwai biyu a rataye a ƙusa, ana ganin lambobin. In rediyon shago ya sako kiɗa, kowane iri ne, yakan ce, "Kashe mana, ƙane, ina aiki."