Shanya a Kan Kabul ɗin Intanet

Tsakiyar damina ce, irin wadda ruwa ke kwana uku a Douala bai ɗauke ba. Shekarar duk a tsaye na yi ta. Kwatar ƙofar gidanmu a unguwar New Bell ta cika ta dawo tsakar gida sau biyu, tufafi ba sa bushewa, ga ’yata ta fari na neman sabon aiki. Ta ci jarrabawar rubutu, saura tambayoyi ta bidiyo ranar Alhamis da ƙarfe goma. A biron da take aiki, wato ofishinsu, ba za ta iya ba, don ba ta so su sani. Rezon waya kuwa, wato sabis, a ɗakinmu sai an leƙa taga ake samu. Shi ya sa ta sa a kawo mana intanet gida.

Ranar Litinin mai haɗawa ya zo, wani dattijo mai furfura. Ya jawo baƙin kabul daga titi, ya ratsa da shi saman tsakar gida, ya haɗa shi da wani guntu a saman ƙofata, ya shigar da shi bayan wani ɗan akwati mai fitilu da suke kira modem. Da ’yata ta dawo sai ta buɗe mini wani shafi a tsohuwar wayarta, ta ɗora yatsa kan lamba ɗaya.

“Mama, wannan kaɗai za ki duba. Yanzu talatin da takwas ce. In ta sauka ƙasa da talatin, hoto zai riƙa tsayawa. Ki rubuta mini ita safe da rana da yamma.”

Na ɗauko kayen, wato littafin rubutun da na yi karatun manya da shi. Haruffa har yau sai na bi su a hankali, amma lamba ba ta ba ni wahala.

Talata da safe, talatin da takwas. Da azahar, ashirin da tara. Na goge gilashin wayar da mayafina, na sake dubawa. Ta ƙi canjawa. Na zauna, na tashi, na ɗora tukunya na manta gishiri. Na matsar da modem ɗin kusa da taga ko iska yake so. Bayan la’asar ta hau talatin da biyar.

’Yata ta duba kayen ta kira kamfanin, suka yi ta Faransanci. Aka ce sai Juma’a za a turo mutum. Ta ajiye wayar, abincin ma kaɗan ta taɓa.

Laraba haka ta sake yi. Da azahar na fito tsakar gida da wayar a hannu, ban ma san abin da nake nema ba. Sai na ɗaga kai. Kabul ɗin ya lanƙwaso kamar bayan tsohuwa, zannuwa jiƙaƙƙu jere a kansa, da bargo guda. Ruwansu na bin sa a hankali har mahaɗin saman ƙofata, wanda nauyi ya ja ya karkace. Zanen farko a layin kuma nawa ne. Ni na fara ratayawa jiya, don igiyar shanyarmu ta ruɓe, kabul ɗin kuwa sabo ne, ga shi daidai tsawon hannu.

Bargon na maƙwabciyata ne, Bafulatanar Garoua mai sayar da yadi a kasuwa. Ta girme ni, kuma a gidan haya ba a taɓa shanyar mutum. Na yi sallama sau biyu a ƙofarta na koma. A na uku ta fito.

“Lafiya, ƙanwata? Sai zarya kike kamar kazar da za ta yi ƙwai.”

“Yaya, wannan ba igiya ba ce. Ta ciki maganar yarinyar nan za ta bi gobe.”

“To magana ce, ruwa zai jiƙa ta? Ke fa kika nuna mana hanya.”

“Ni ce, Yaya. Laifin nawa ne.”

Na nuna mata kayen, lambar safe da ta rana. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce bargon dai ba zai bushe a kanta ba, in nemo mata inda za ta sa shi. Muka sauke kayan tare. Na hau kujera na goge mahaɗin da busasshen tsumma, na murɗa shi da yatsu har ya tsaya. Lambar ta dawo talatin da bakwai. Duk da haka ban natsu ba, don gidan ɗaki shida ne, kowa da wankinsa.

Washegari bayan sallar asuba na kwance igiyar gugarmu, na ɗaure ta daga ƙusar kicin zuwa ƙarfen tagar maƙwabciyata, nesa da kabul ɗin. Na shanya mata bargonta da hannuna. Sannan na ajiye kujera ’yar tsugunno a ƙarƙashin kabul ɗin na zauna da tiren shinkafa ina tsinta. Duk wadda ta fito da bokiti sai in gaishe ta, in tambayi yara, in nuna mata sabuwar igiya. Ƙarfe goma ’yata ta tura ƙofa. Ta bayan labule nake jin muryarta da ta wani mutum, tambaya da amsa, babu yankewa. Ban tashi daga wurin ba sai da ta buɗe ƙofar ta ce yunwa take ji.